Sylhet, Ƙasar Waliyyai 360 da Kurmin da Ake Shiga da Kwale-kwale: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda jirgi ya sauke a Dhaka, babban birnin Bangladesh, sunan da zai fara cin karo da shi a jikin ginin filin jirgin shi ne Hazrat Shahjalal. Ɗalibanmu da ke karatu a jami'ar fasaha ta ƙungiyar OIC a Gazipur, da masu zuwa babban taron wa'azi na Ijtima a Tongi, da 'yan kasuwar tufafi, duk ta wannan ƙofa suke shiga, kuma da yawansu sukan koma gida ba su tambayi ko wane ne mai sunan ba. Mai sunan yana kwance a kan wani ɗan tudu a birnin Sylhet, can arewa maso gabashin ƙasar, a gundumar da tuddai da kurmi da ruwa suka yi wa ƙawanya. Ga tambayoyin da 'yan'uwa suka fi yi game da wurin.

Ina ne Sylhet ɗin, kuma yaya ƙasar take?

Da "Silet" za ka fi kusa da yadda ake faɗin sunan. Daga Dhaka kusan kilomita 240 ne ta mota. Birnin yana bakin kogin Surma, gundumar kuma ta yi iyaka da jihohin Indiya biyu: Meghalaya daga arewa, Assam daga gabas.

Yawancin Bangladesh shimfiɗe take kamar faifai, amma a nan ƙasa ta ɗan tattare. Ƙananan tuddai ne birjik, waɗanda suke kira tila, wasu an lulluɓe su da gonakin shayi, wasu da itatuwa da gora. Idan ka ɗaga kai ka dubi arewa, duwatsun Khasi da Jaintia ne tsaye kamar katanga, kuma a bayansu kaɗan Cherrapunji da Mawsynram suke, garuruwan da suka yi suna a duniya wajen yawan ruwan sama. Duk abin da ya zuba a can, nan yake gangarowa. Shi kansa birnin Sylhet yana samun ruwan sama sama da milimita 4,000 a shekara, wato ya ninka na Kano sau huɗu ko fiye. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin labarin gundumar: ruwa ne ke kawo kyanta, ruwa ne kuma ke kawo wahalarta.

A lura da abu ɗaya. A da Sylhet babbar gunduma ce, sai a 1984 aka raba ta huɗu: Sylhet, Moulvibazar, Habiganj da Sunamganj. Don haka idan aka ce maka Sreemangal ko dajin Lawachara "a Sylhet suke", ana nufin yankin ne gaba ɗaya. Su a Moulvibazar suke.

Wane ne Shah Jalal da ake ta girmamawa haka?

Malami ne, sufi, mai gudun duniya, wanda ya iso yankin a shekara ta 703 bayan Hijira, daidai da 1303. Wannan shekara ba ta baki kawai ba ce: akwai tsohon rubutu a jikin dutse, na shekarar 1512, da ya ambaci cin Sylhet a 703 a hannun kwamanda Sikandar Khan Ghazi, zamanin Sarki Shamsuddin Firoz Shah na Bengal. Wanda aka ci da yaƙi shi ne Sarki Gour Govinda.

Abin da ya rage kuma labarin baka ne, wanda kowane yaro a garin ya haddace. Suna cewa akwai wani Musulmi mai suna Burhanuddin da ke zaune a ƙarƙashin mulkin Gour Govinda. Allah ya ba shi ɗa, ya yanka saniya ranar suna, sai shirwa ta ɗauki tsoka ta yar a inda sarki ya gani. Sarki ya sa aka kashe jaririn, aka yanke hannun uban. Burhanuddin ya kai kuka wurin sarkin Musulmi, aka tura runduna har sau biyu ba ta yi nasara ba, sai a karo na uku da Shah Jalal ya shigo cikinta da almajiransa 360. Daga nan ne ake yi wa Sylhet kirari da ƙasar waliyyai 360.

Akwai wani labarin da na fi so. An ce kawunsa kuma malaminsa, Sayyid Ahmad Kabir, ya ba shi danƙin ƙasa a Makka, ya ce masa ya yi ta tafiya gabas har ya sami inda ƙasarsa ta yi daidai da wannan a launi da ƙamshi, can zai zauna. Ya ratsa ƙasashe yana gwadawa, sai a wannan tudu ta dace. Ko da mai tarihi bai karɓi labarin ba, yana nuna yadda mutanen suke kallon garinsu: ƙasarsu tagwaye ce da ta Makka.

A kan asalinsa, jama'ar gari na ce masa Bayamane, wasu masu bincike kuma na danganta shi da ƙasashen Turkawa. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, bayan yaƙin ya zauna ya koyar, almajiransa suka bazu cikin ƙauyuka da kurmi, kuma ta hannunsu Musulunci ya kafu a gabashin Bengal. Ya rasu wajen 1346. Bai yi aure ba, shi ya sa ake masa laƙabi da al-Mujarrad.

An ce Ibn Battuta ya gan shi da idonsa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma nan ne labarin ya taɓo mu. Matafiyin nan ɗan Tanja ta ƙasar Maroko ya baro bakin teku ya yi tafiyar kusan wata guda zuwa cikin waɗannan duwatsu, wajen 1345, don kawai ya ga shehin. Ya bayyana shi a matsayin dattijo dogo, siriri, mai yawan azumi da tsayuwar dare, wanda dukiyarsa ba ta wuce saniya ɗaya ba, da nononta yake buɗe baki. Ya ce Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba duk suna kawo masa ziyara da kyaututtuka, abin da aka kawo kuma shi ake ciyar da baƙi da almajirai. Kwana uku ya yi a wurinsa, sannan ya bi kogi zuwa Sonargaon, kusa da Dhaka ta yau.

Shi wannan mutum, bayan kamar shekara takwas, a 1353, yana Takedda a ƙasar Azbin ta Nijar a yau, yana ba da labarin tagullar da ake kai wa Gobir da Borno. Ke nan ido ɗaya ne ya ga Shah Jalal ya kuma ga ayarin da ke nufar ƙasar Hausa. Bahaushen da ya hau matattakalar hubbaren ba baƙo ba ne a cikin wannan tarihi.

Me zan tarar idan na je hubbaren?

Suna kiran wurin Dargah, unguwar kuma Dargah Mahalla, a tsakiyar gari. Tun daga titin da ke kai wa ƙofa za ka ratsa rumfunan masu sayar da turare, carbi, hula, alewa da littattafan addu'a. Wanda ya san hanyar Hubbaren Shehu a Sakkwato ba zai ji abin ya yi masa sabo ba, sai dai cunkoson nan ya fi.

Da ka shiga fili, tattabaru ne za su fara tarbar ka, ɗaruruwa, masu ruwan toka da shuɗi-shuɗi. Ana ce musu tattabarun Jalali, kuma an yi imani jikokin waɗanda Shehu Nizamuddin Auliya na Delhi ya ba Shah Jalal kyauta ne. Mutanen Sylhet ba sa yanka su, ba sa cin su. A gefe akwai tafki mai manyan kifaye da suke kira gojar. Baƙi na sayen ƙananan kifi suna jefa musu. A ƙarshen 2003 wasu marasa tsoron Allah suka zuba guba a tafkin, kifaye ɗaruruwa suka mutu, garin ya yi jimami kamar an yi rashin mutum, daga baya aka sake zuba wasu.

Akwai manyan tukwanen ƙarfe da mutane ke jefa sadaka a ciki, akwai rijiya, akwai babban masallaci da ke cika maƙil ranar Juma'a. Takobinsa da takalmansa na katako da wasu kwanukansa suna hannun iyalan da suka gaji hidimar wurin. Kabarin kansa yana saman tudu. A ƙasa ake tuɓe takalmi a hau matattakala. A maƙabartar da ke kewaye akwai kabarin Janar M.A.G. Osmani, wanda ya jagoranci dakarun ƙwatar 'yancin Bangladesh a 1971, kuma sunansa aka sa wa filin jirgin saman garin. Manyan 'yan siyasar ƙasar ma sun saba fara yawon neman ƙuri'a daga wannan wuri.

Taron shekara, wanda suke kira urus, ana yin sa ranar 19 da 20 ga Zulƙida. Kafin nan, ranar 26 ga Shawwal, akwai wata al'ada mai ban sha'awa: dubban mutane su fita a ƙafa zuwa tuddan Lakkatura su ɗebo itacen da za a dafa abincin taron da shi. Idan kana son natsuwa, kada ka zo a waɗannan ranaku, haka ma daren Juma'a. Zo bayan sallar Asuba a tsakiyar mako, lokacin da ba ka jin komai sai kukan tattabaru da muryar masu tilawa.

Malam, ni fa ina tsoron in faɗa cikin bidi'a ko shirka. Ya dace in je?

Tambaya ce mai nauyi, kuma ba mu kaɗai ke yin ta ba. Muhawarar da muka sani a gida tsakanin 'yan ɗariƙa da masu inkarin wasu al'adun kabari, ita ce dai a Bangladesh, da zafinta. Ba ni ne zan raba gardamar malamai ba, amma ga abin da nake gani.

Ziyarar kabari, ka yi sallama ga mamaci, ka roƙa masa gafara, ka tuna naka ƙarshen, abu ne da Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya yi umarni da shi. Mutumin da ya bar ƙasarsa ya ƙare rayuwarsa yana karantar da mutane Kalmar Shahada ya cancanci addu'arka. A wurin za ka ga masu shafar bango, masu kunna kyandir, masu kuka suna faɗin buƙatunsu. Za ka kuma ga malaman garin da ke hana sujada ga kabari. Abin da zuciyarka da iliminka ba su yarda da shi ba, kada ka yi, ba wanda zai tilasta ka. Amma kada ka tsaya kana yi wa mutane tsawa a ƙasar da ba ka jin harshenta. Tsohuwar da ta sayar da kazarta ta yi kuɗin mota ta zo, ba ta san ka ba, ba kuma ihunka ne zai karantar da ita ba. Wanda ya bi ra'ayin cewa ba a ɗaura niyyar tafiya don kabari, to ya zo don ganin gari da tarihinsa, ya yi sallarsa a masallaci, ya yi wa bawan Allah addu'a ya wuce.

Ni mace ce, za a bar ni in shiga?

Hajiya, za ki shiga harabar, ki ga tafki da tattabaru, kuma akwai wurin sallah da addu'a da aka keɓe wa mata. Saman tudun inda kabarin yake ne mata ba sa hawa. Shigarki ta gida, hijabi ko mayafi, ta wadatar.

Bayan Shah Jalal, akwai wasu wuraren ziyarar?

Na biyu a daraja shi ne hubbaren Shah Paran, ɗan 'yar'uwarsa, a Khadimnagar, kamar kilomita 8 gabas da gari, shi ma a kan tudu a ƙarƙashin tsofaffin itatuwa. Ya fi na kawun natsuwa. Kusa da shi akwai gandun dajin Khadimnagar, wanda aka ayyana a 2006, don haka ana iya haɗa su a yini ɗaya. Kabarin Burhanuddin, uban jaririn nan, yana bakin Surma.

Kada ka bar garin ba ka ga Shahi Eidgah ba, filin Idi da aka gina a ƙarni na 17 zamanin daular Mughal. A ido kamar ganuwa yake, da matattakala masu faɗi. A nan ne a 1782 wasu 'yan'uwa biyu, Hada Miah da Mada Miah, suka jagoranci bore a kan jami'in Turawan Ingila Robert Lindsay a watan Muharram, suka rasa rayukansu. Da yamma kuma sai ka gangara bakin kogi ka ga gadar ƙarfe ta Keane, ta 1936, da tsohon agogon Ali Amjad a gefenta.

Wuraren ibadar Musulmi ne kaɗai?

A'a. Mabiya addinin Hindu na zuwa Dhakadakshin, a ƙaramar hukumar Golapganj, garin mahaifin Chaitanya, babban mai wa'azinsu da aka haifa a 1486. Suna da wani wurin bauta mai daraja a Joinpur, kudu da kogi. A Jaintiapur kuma akwai kufan fadar masarautar Jaintia, wadda Turawa suka haɗiye a 1835, da manyan duwatsun da magabata suka kafa a tsaye da a kwance, waɗanda har yau suke nan a bakin hanya.

A ƙauyukan kan iyaka akwai 'yan ƙabilar Khasi, yawancinsu Kirista, masu noman ganyen pan da ake taunawa kamar yadda muke cin goro. A wurinsu ta wajen uwa ake lissafin dangi, kuma autar mata ce ke gadon gida. Ƙauyensu gidansu ne, ba wurin kallo ba: yi sallama, nemi izini kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoto, kada ka shiga lambun pan ɗinsu.

Mene ne Ratargul da kowa ke sa hotonsa?

Kurmi ne da ke tsaye a cikin ruwa. Yana ƙaramar hukumar Gowainghat, kamar kilomita 26 daga birni. Da damina kogin Gowain ya cika ya shiga cikinsa, ruwa ya hau har ya kai tsayin mutum uku ko huɗu a wasu wurare, itatuwan koroch da hijal su nutse zuwa wuya, sai rassa kawai a sama. Haka za su yi watanni ba su mutu ba. An ware eka 504 na kurmin a matsayin mafakar namun daji tun 1973.

Da ƙaramin kwale-kwale ake shiga, mai ɗaukar mutum huɗu ko biyar, matuƙin na tura shi da filafili a hankali. Da an kutsa ƙarƙashin rassan sai haske ya koma kore, zafi ya sauka, ƙarar duniya ta yanke. Wanda ya tashi a ƙasar da ake roƙon ruwa, ya ga itace a cikin ruwa har wuya yana raye, dole bakinsa ya ce Subhanallah.

Abu uku nake roƙon ka. Kada ka kama reshe don gyara zama, domin idan ruwa ya cika macizai a kan rassan suke fakewa. Kada ka miƙe tsaye a cikin kwale-kwalen, kuma ka nemi rigar da ke hana nutsewa ko da ka iya ruwa. Na uku, bar lasifika a masauki. Ba abin da ke ɓata wurin kamar samarin da ke shigowa da kiɗa suna jefa robar ruwa. Tsuntsaye da birai sun riga sun ja baya saboda su. Daga Yuli zuwa Oktoba ne lokacinsa. Da rani ruwan ya janye, sai taɓo da saiwoyi.

Jaflong, Bisnakandi, Lalakhal, Bholaganj: wanne zan zaɓa idan lokacina kaɗan ne?

Dukkansu abu ɗaya ne ta fuskoki daban-daban: inda kogi ya fito daga duwatsun Indiya ya shigo Bangladesh. Jaflong ya fi suna, kusan kilomita 60 daga birni, a kan kogin Piyain. Kana tsaye a ruwa kana hango gadar Dawki rataye tsakanin duwatsu biyu a ɓangaren Indiya, wadda aka gina a 1932. Ya fi kowanne cunkoso da hayaniya. Bisnakandi sai da damina, lokacin da ruwa mai sanyi ke gudu a kan duwatsu, gajimare kuma ya sauko kan tsaunuka. Bholaganj, a Companiganj, shi ne wurin fararen duwatsu, Sada Pathar.

Ni dai idan da hunturu ne, Lalakhal zan ce. Daga Sarighat ake hawa jirgin ruwa a bi kogin Sari, ruwan kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu launinsa tsakanin kore da shuɗi yake, garau har kana ganin yashin ƙasa, tuddai da gonar shayi a gefe. Ba turereniya, ba masu jan hannunka.

Duk inda ka je, iyaka ba wasa ba ce. Wani wuri tuta ko allo ne kawai ke nuna ta a tsakiyar ruwa. Idan jami'in tsaro ya busa usur, dawo. Kuma mutane na nutsewa a Jaflong, har da waɗanda suka iya ruwa, saboda igiyar ƙasa da ramukan da masu haƙar dutse suka bari. Idan an yi ruwa a kan tsauni, kogin kan taso farat ɗaya alhali a inda kake rana ake yi.

Na ji an ce an sace duwatsun wurin. Yaya ake satar dutse?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai. Bangladesh ƙasar laka ce, ba ta da dutsen gini sai kaɗan, don haka duwatsun da koguna ke mirginowa daga Meghalaya kuɗi ne tsababa. Shekaru da dama ana kwasar su, da hannu da kwando tun farko, daga baya da injinan da ke zuƙe gindin kogi. A hanyar Jaflong za ka ga injinan fasa dutse jere, ƙura ta rufe ganyaye ta shiga ƙirjin ma'aikata. A 2015 gwamnati ta ayyana Jaflong a matsayin yankin da muhallinsa ke cikin haɗari, an kuma hana haƙa, amma hani a takarda daban, abin da ke faruwa da dare daban.

A watan Agustan 2025 hotunan Sada Pathar suka girgiza ƙasar: inda fararen duwatsu suke shimfiɗe ya koma yashi da ramuka, an kwashe su da ɗaruruwan kwale-kwale. Sai da aka yi ca, sannan jami'ai suka bi suka ƙwato wasu suka mayar cikin kogin. Mafi ciwo shi ne tudun Shah Arefin a Companiganj, inda ake ziyarar wani waliyyi da ake dangantawa da almajiran Shah Jalal. An haƙe tudun an cinye shi, ya zama ramuka cike da ruwa, alfarmar mai wurin ba ta hana ba. Ba na ɗora laifin a kan talakan da ke nitso da kwando don abincin yini. Masu motoci da injina da waɗanda ke tsaya musu su ne suka san inda kuɗin ke tafiya. Kai kuma baƙo, kada ka ɗauki ko ɗaya ka sa a jaka da sunan tsaraba.

Gonakin shayi fa?

Ba sai ka yi nisa ba. Malnicherra, wadda aka kafa a 1854, ita ce mafi tsufa a ƙasar, kuma tana kan hanyar filin jirgi, ita da Lakkatura. Tuddai ne kore shar, an aske su daidai, da dogayen itatuwa masu ba da inuwa. Nemi izini a ƙofa kafin ka shiga.

Matan da za ka gani da kwando a baya suna tsinkar ganye jikokin mutanen da Turawa suka kwaso daga Bihar da Odisha da wasu sassan Indiya ne, fiye da shekara 150 da suka wuce. A Agustan 2022 sai da suka yi yajin aiki na kusan mako uku kafin a ɗaga ladansu na yini daga taka 120 zuwa 170 a kuɗin ƙasar. Ka tuna da wannan kafin ka ce wata ta tsaya ta yi maka murmushi a hoto.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Ya danganta da abin da ya kawo ka. Nuwamba zuwa Fabrairu sanyi ne mai daɗi, hanyoyi a bushe, ya dace da dattawa da masu ziyara. Yuni zuwa Satumba ƙasar ta fi kyau, ta kuma fi haɗari: a Yunin 2022 ambaliya ta shanye yawancin gundumar, har filin jirgi aka rufe. Oktoba ne tsaka-tsaki, akwai sauran ruwa a Ratargul, sama kuma ta fara washewa. Mai zuwa da damina ya riƙe lema, takalmin roba, maganin sauro, da ɗan gishiri a leda saboda matsattsaku a cikin ciyawa. Juma'a da Asabar ne hutun mako a can, ko'ina a cike yake.

Yaya zan isa, kuma kwana nawa zai ishe ni?

Biza tukuna, Bangladesh na da ofishin jakadanci a Abuja. Riƙe katin rigakafin shawara. Babu jirgi kai-tsaye daga Najeriya ko Nijar, sai an yada zango a wurare irin su Dubai, Doha ko Istanbul. Daga Dhaka jirgin sama bai cika awa ɗaya ba. Jirgin ƙasa daga tashar Kamalapur, irin su Parabat da Upaban, yakan ɗauki awa shida zuwa bakwai, kuma shi na fi ba da shawara don yana ratsa gonakin shayi da dajin Lawachara. A cikin gari a-daidaita-sahu ne ko'ina, can CNG ake ce masa. Yi ciniki kafin ka hau, haka ma da mai kwale-kwale, ku kuma yi magana a kan zuwa da dawowa. Agogonsu yana gaban namu da awa biyar.

Kwana uku sun isa: ɗaya na gari da ziyara, ɗaya na Ratargul da gonakin shayi, ɗaya na Lalakhal da Jaflong, tunda hanyarsu ɗaya ce.

Akwai tsaro?

Mutanen Sylhet sun saba da baƙi, kuma yawancin 'yan Bangladesh da ke Ingila daga wannan yanki suka fito, don haka ba a rasa mai jin Turanci. Baƙar fata zai sha kallo da roƙon hoto, son sani ne, ba ƙiyayya ba. Amma ba zan ɓoye maka ba: a 2004 an kai harin bam hubbaren Shah Jalal har sau biyu, na watan Mayu ya raunata jakadan Birtaniya Anwar Choudhury ya kashe mutum uku. Daga sauyin gwamnati na 2024 kuma an kai wa wasu hubbarori farmaki a sassan ƙasar. Saurari labarai kafin ka tashi, guji taron siyasa, kula da aljihunka a cunkoso.

Abinci da sallah ba za su ba ni wahala ba?

Abinci halal ne kusan ko'ina, sai dai shinkafa ce safe da rana da dare, da kifi da miyar wake. Gwada naman sa da shatkora, wani lemo mai kaurin ɓawo da ɗan ɗaci wanda shi ne tambarin girkin Sylhet, da akhni, dafa-dukarsu ta nama, da shinkafa mai danƙo da ake gasawa a cikin gora. Miyar busasshen kifinsu warinta na da ƙarfi, amma wanda ya tashi da daddawa ba zai tsorata ba. Ruwan roba kawai za ka sha.

Hanafawa ne. La'asar ɗinsu tana yin latti fiye da tamu, ba sa alƙunutu a Asuba sai a wutiri, kuma a ɓoye suke cewa amin. Bi liman yadda ka same shi. Idan ka ce wa malami "huzur", ka ce wa sa'anka "bhai", wato ɗan'uwa, ka gama da su.

Wace tsaraba zan kawo gida?

Ganyen shayi, turare daga rumfunan Dargah, da mayafan da matan Manipuri ke saƙawa. Amma wadda ta fi ita ce tabarmar shital pati, ma'ana tabarma mai sanyi. Da ɓawon wani tsiro mai suna murta ake saƙa ta, irin wanda ke fitowa a fadamun Ratargul, kuma UNESCO ta sa sana'ar cikin jerin kayan gadon duniya a 2017. Mai kyau santsi gare ta kamar fata, tana naɗuwa ba ta karye ba, kuma da zafin bazara idan ka kwanta a kanta sanyi za ka ji a bayanka. Akwai ta roba da ake yi kama da ita, don haka shinshina ka ji ƙamshin tsiro, ka duba bayan saƙar, sannan ka tambayi mai sayarwa daga wane ƙauye ta fito. Ta Balaganj ce ta fi suna.